Luf, MIDI ko jera bugu da hannu: daga ina gangunan kiɗan kwamfuta za su fito?

Mawaƙi zai zo da waƙarsa a baka, ya rera amshi sau biyu, ya ce a ɗora masa kiɗa. Kafin fiyano, kafin sarewa, ganguna mai haɗa kiɗa yake fara azawa, don a kansu komai zai zauna. To a nan hanya take rabuwa. Ko ka ɗauko luf, wato guntun kiɗa da wani ya riga ya buga aka naɗa, yana ta maimaita kansa. Ko ka ɗauko fayil ɗin MIDI mai ɗauke da tsarin bugu amma babu sauti a cikinsa. Ko kuma ka zauna ka jera bugun da kanka, ɗaya bayan ɗaya.

In gardama ta tashi a studiyo kan wanne ya fi, akan tsaya ne a kan wanne ya fi daɗi a kunne. Ni a ganina ba nan gizo ke saƙar ba, domin kowanne yana iya daɗi. Abin tambaya shi ne: in aiki ya yi nisa, mawaƙi ya ce a rage gudu, ko a ɗauke ganga a baiti na biyu don magana ta fito, wanne ne zai bar ka ka taɓa shi?

Luf

Luf riga ce ɗinkakkiya ta kasuwa. In ta zauna maka, ka huta da zaryar gidan tela. In ba ta zauna ba, ɗan gyaran da za ta karɓa kaɗan ne. Galibi fayil ne na sauti irin WAV mai gaɓa biyu, huɗu ko takwas (gaɓa ɗaya taku huɗu ce na kiɗa), kuma akan rubuta gudunsa a jikin sunan, misali 104 BPM, wato taku 104 a minti ɗaya. Splice, wanda ya fara ba da hayar sautuka a 2015, da Loopmasters na Ingila, su ne manyan kasuwannin da ake biya. Na kyauta akwai Looperman da rumbun sautukan BandLab, sai Freesound da wata jami'a a Basalona ta ƙasar Sifen ta kafa a 2005.

Abin da kake samu a luf mai kyau ya wuce tsarin bugu. Kana samun hannun makaɗi, da ɗakin da aka naɗa, da makirfo mai tsada, da aikin injiniyan da ya tace sautin. Kacau-kacau ne ya fi nuna wannan. Wanda ya riƙe shi yana girgizawa, tafiyar hannunsa gaba daban ce da dawowarsa, ƙwayoyin ciki ma ba sa faɗuwa tare. Kana iya cinye yini kana jera samfurin kacau-kacau, wato naɗaɗɗen sautin bugu ɗaya, ba ka samu abin da luf na daƙiƙa biyar zai ba ka ba. A nan kam babu mai ja da luf.

Matsalarsa ita ce duk abin da ke ciki ya riga ya narke wuri guda. In kik ɗin luf, wato babbar ganga mai kaurin murya, yana karo da bes ɗinka, ba za ka zare shi shi kaɗai ba. Sai dai ka datse ƙasan sautin gaba ɗaya, jikin sauran gangunan ya tafi tare da shi. Sauya gudu ma yana da iyaka. Tun fitowar manhajar ACID a 1998 kwamfuta take iya miƙa luf ko tsuke shi ba tare da muryarsa ta sauya ba, kuma yau kowace manhaja tana yi. Daga 100 zuwa 104 ba wanda zai ji. Daga 100 zuwa 80 kuwa, kaifin bugun yakan dushe, ka ji sineya, ƙaramar ganga mai kaifin sauti, tana jan ƙafa kamar an buga ta sau biyu. Mafita ita ce yayyanka luf ɗin bugu-bugu, aikin da Slicex ke yi a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, wanda ReCycle ya fara shahara da shi tun 1994. Yana taimakawa, amma in luf ɗin na da amsa-kuwwa mai tsawo, kowace yanka za ta bar tabo. Don haka in za ka kashe kuɗi, nemi kunshin da aka raba: kik daban, kayan sama daban, konga daban. Wanda aka cure wuri ɗaya na sauraro ne kawai.

Sai nauyi. Minti ɗaya na WAV mai ingancin faifan CD ya kai wajen megabait 10, mai 24-bit kuma ya kusa 16. Kunshi ɗaya yana iya lashe gigabait, kuma cikin luf ɗari biyar da ƙyar ka yi aiki da goma. Mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya san abin da wannan ke nufi.

Maganar haƙƙi ce ta fi cizon mutane, kuma sai daga baya. Lasisin kasuwannin nan ya ba ka damar saka luf a waƙarka ka sayar ba tare da ka ƙara biya ba, amma bai ce kai kaɗai ke da shi ba. Wani a Legas, wani a Jakarta, duk sun sauke irinsa. In ɗayansu ya riga ka shigar da waƙarsa cikin Content ID, tsarin YouTube na gano mai haƙƙin waƙa, taka tana iya hawa a ce ta yi kama da ta wani, a riƙe kuɗinta har ka kawo shaida. Shi ya sa kamfanonin rarraba waƙa da dama ba sa yarda su shigar da waƙar da aka gina kan irin wannan luf cikin tsarin. A Freesound kuwa kowane fayil da nasa sharaɗin: wani ka yi yadda ka so, wani sai ka ambaci mai shi, wani kuma an hana kasuwanci da shi. Mafi haɗari su ne kunshin da ke yawo a filashi da zaurukan WhatsApp, waɗanda ba wanda ya san asalinsu. Wasu daga waƙoƙin mutane aka yanko su. Tarihin sana'ar ma yana da irin wannan tabo. Guntun bugu na kimanin daƙiƙa bakwai da Gregory Coleman ya yi a faifan ƙungiyar The Winstons a 1969, wanda aka sani da Amen break, ya shiga dubban waƙoƙi, shi kuwa ya rasu a 2006 ba a biya shi ko sisi a kai ba.

MIDI

MIDI, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1983, umarni ne zalla: buga kaza, a lokaci kaza, da ƙarfi kaza, ƙarfin kuma ana auna shi har zuwa 127. Fayil ɗin da ke riƙe da bugun waƙa sukutum bai wuce 'yan kilobait ba. Tunda babu sauti a ciki, gudu ba ya lalata shi. Kai shi 70, kai shi 140, yana nan garau. Ka ƙi sineyar? Sauya ta. Kana son shiru a gaɓa ta takwas? Goge bugu uku, shi ke nan.

Inda ya fi amfani shi ne inda kake son a ji kamar mutum ne zaune a kan jerin gangunan bature: waƙar coci, kiɗan bandi, rege, jingil na rediyo. EZdrummer na kamfanin Toontrack da Addictive Drums na XLN Audio, manhajojin ganga ne daga Suwidin, suna zuwa da tarin tsare-tsaren da makaɗa na gaske suka buga a gangunan lantarki, an kasa su zuwa na baiti, na amshi da na juyi, wato bugun da ke haɗa sashe da sashe. Wanda ba shi da kuɗinsu yana iya farawa da MT Power Drum Kit 2, kyauta ne kuma da nasa tsare-tsaren. Akwai kuma wata taska da 'yan studiyo ba su cika sani ba: a 2019 sashen Magenta na Google ya saki fayilolin MIDI 1,150, bugun makaɗa goma na tsawon awa 13.6, da sharaɗin a ambaci tushe kawai. Don bincike aka tara su, amma buɗe ɗaya ka duba yadda makaɗi ke sassauta hannu tsakanin manyan bugu ya fi darasin bidiyo da yawa. Masu Mac kuma suna da Drummer, wanda ya zo da Logic Pro X a 2013, yana ƙirƙiro bugu daidai da yadda ka karkata shi.

Ciwon kan MIDI na farko shi ne taswira. Ƙa'idar General MIDI ta 1991 ta ware tasha ta 10 ga ganguna, ta ce lamba 36 kik, 38 sineya, 42 hai-hat (ƙananan farantan ƙarfe biyu masu haɗuwa) a rufe, 46 a buɗe. Manhajoji da yawa sun bi wannan a manyan gangunan, suka bi son ransu a sauran. Sai ka jefa fayil ka ji inda ya kamata gangar tom ta yi magana farantin ƙarfe ne ke ƙara. Ga kuma wani ruɗanin: lamba 36 ɗin nan FL Studio yana kiran ta C3, Ableton da Cubase suna kiran ta C1. Bugu ɗaya ne, suna ne ya bambanta. In ka ɗora tsari ka ji tsit, kafin ka zargi fayil ɗin, ɗaga shi ko sauke shi da zangon murya (octave) biyu.

Na biyu ya fi girma a wurinmu. Kasuwar MIDI ta rok ce da fof da jaz da fonk. Jerin kayan bugun General MIDI yana da konga, bongo, agogo, marakas, amma babu kalangu, babu kotso, babu ƙwarya. Ko da an sa su, lambobi ba za su ɗauki abin da ke sa kalangu ya zama kalangu ba.

Akwai dai wata kafa da ta shafe mu kai tsaye. Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha PSR ya zama ƙashin bayan kiɗan fina-finan Hausa, kuma kunnen jama'a ya saba da gangunansa. Fayilolin salon da ke tuƙa wannan fiyano, masu ƙarewa da .sty, a cikinsu MIDI ne da aka ƙara wa wasu bayanai. In ka kwafi ɗaya ka mayar da ƙarshen sunan .mid, galibin manhajoji za su buɗe shi, ka ga shimfiɗa da manyan sassa da juyi a jere. Mai kiɗan nanaye da ya koma kwamfuta yana iya ɗauko tsarin da hannunsa ya saba da shi ya ɗora masa sabon sauti. Haƙƙin salon yana nan ga mai shi, don haka koyo da aiki ne, ba tarawa a sayar ba.

Jerawa da hannu

Gurabu 16 na jera bugu da kake gani in ka buɗe FL Studio gado ne daga injinan ganga irin TR-808 da Roland ya fitar a 1980. Manhajar kanta, da kamfanin Image-Line na Beljiyam ya fara da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990, asalinta injin jera ganga ce kawai. Har gobe nan ne ƙarfinta.

Mu gwada a gudu 100. Gaɓa ɗaya daƙiƙa 2.4 ce, kowane gurbi milisakan 150. Sa kik a 1, 5, 9, 13. Sa sineya ko bugun gefen ganga a 4, 7, 12, 15. Abin da ka ji shi ne dembo, wanda ya fito daga Jamaika ya zama gindin regeton, kuma danginsa ne ke yawo a Afrobit na yau. Sirrinsa rabon uku-uku-biyu ne: cikin kowane gurbi takwas, nauyi yana faɗuwa a 1, 4 da 7. Yanzu cire kik na 5 da na 13, ka saurara. Kiɗan ya buɗe, murya ta sami wurin zama. Wannan 'yar cirewar, da ba ta ɗauki daƙiƙa biyu ba, ita ce abin da luf ba zai taɓa ba ka ba.

Ƙorafin da ake yi wa jerawa shi ne bushewa, a ce kiɗan ba rai. Gaskiya ne, amma laifin ba na hanyar ba ne. Mai koyo yakan bar kowane bugu a ƙarfi ɗaya, alhali babu hannun ɗan Adam da ke haka. Ɗauki hai-hat a gurabu 16 ɗin duka: ba na farkon kowane huɗu ƙarfi wajen 100, na uku 80, na biyu da na huɗu 55 zuwa 65. Ba ka motsa komai daga wurinsa ba, amma ya fara numfashi. Wannan shi ne gyara mafi girma, kuma shi aka fi tsallakewa.

Bayansa sai rausaya, abin da manhajoji ke kira Swing. Roger Linn ne ya shigo da dabarar a injinsa na LM-1, ta kuma yi suna da Akai MPC60 na 1988. Ana jinkirta kowane gurbi na biyu ne. A lissafin MPC, 50 cikin ɗari na nufin ba jinkiri, 66 kuma ya koma rabon uku. A gudu 100, in ka sa 58, gurabu biyun da ke raba milisakan 300 daidai za su koma 174 da 126. Tsakanin 54 da 60 nan daɗin yake ga yawancin kiɗan rawa. Madannin FL Studio daga sifili yake ƙirga nasa, don haka kada ka kwafi lambar MPC ka zuba a can, bi kunnenka. In kana son sineya ta ɗan jingina baya, tura ta ƙyas (tick) biyu, wajen milisakan 12 ke nan a ma'aunin manhajar na asali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne madannin da ke warwatsa bugu barkatai da sunan sa masa rai. Makaɗi ba barkatai yake kaucewa ba. Yana jinkiri a wuri ɗaya, kowace gaɓa, da gangan.

Sai babbar magana ga mai kiɗan gida. Gurabu 16 suna raba kowane taku gida huɗu, amma kiɗe-kiɗen gargajiya da dama a Afirka ta Yamma, har da namu, gida uku suke raba shi. In ka tilasta musu 16, za su fito a gurguje ko a karkace, ka rasa dalili. Shiga Piano roll, allon da ake zana bugu a kai, ka mayar da ma'aunin layi zuwa sulusin taku, gaɓa ta koma gurbi 12. Taku yana 1, 4, 7, 10. Ɗora ƙararrawa a 1, 3, 5, 6, 8, 10, 12: wannan tsarin mai bugu bakwai ana jin sa wajen Ewe na Gana da Yarabawa, ya kuma haye teku har Kyuba. Sannan sa wata ganga a 1, 5, 9, tana ƙirga uku yayin da taku ke ƙirga huɗu. Wannan ja-in-jar ce ke motsa kafaɗa. Kunshin luf na kasuwa kaɗan ne ke da ita, na MIDI ma haka.

Kuɗin jerawa lokaci ne, da kuma samfur masu kyau. Tsari mai kyau da kik marar jiki ba zai kai ko'ina ba. Gara ka ware kik biyar, sineya biyar da tafi uku da ka san halinsu, da ka tara dubu kana lalube mawaƙi na zaune yana duba agogo.

To wa zai ɗauki wanne?

Mai hip-hop, Afrobit ko amafiyano ya jera da hannunsa, ba wani dogon tunani. Yawancin kiɗan waɗannan salo a kan inji ake haɗa shi. Gangar nan mai gurnani ta amafiyano ma daga wani sauti na Fruity DX10 da ke cikin FL Studio aka samo ta. Ya ƙara luf na kacau-kacau ko konga a sama, ya datse ƙasansa, ya rage masa murya. Mai aikin coci ko bandi da ba shi da makaɗi ya nemi MIDI, ya gyara juyin da hannu, don jera bugun jerin ganguna daga tushe har ya yi kama da na mutum aiki ne mai cin rai. Mai jingil da talla da za a karɓa gobe da safe, luf mai lasisi ya ishe shi, ya dai adana rasit. Mai koyo kuwa, shawarata ya kwashe watannin farko yana kwaikwayo: ya ɗora luf ɗin da ke burge shi, ya jera irinsa a ƙarƙashi har su haɗe, sannan ya kashe na asalin. Ableton, tun fitowa ta 9 a 2013, yana iya juya luf zuwa MIDI da kansa, sai dai kik da sineya da hai-hat kawai yake ganewa, kuma wanda ya bar masa aikin bai horar da kunnensa ba.

Saura mai waƙar Hausa da ke son kalangu. Duk ukun nan ba za su kai shi ba. Kalangu magana yake yi: makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka, yana bin karin kalmomin mawaƙi. Wanda ya saurari yadda makaɗan Mamman Shata ke amsa masa ya san ba maimaici ba ne, zance ne. Luf ɗin ganga mai magana da ake sayarwa galibi gangan da dundun na Yarabawa ne ko tama na Senegal, kuma karin wani harshe suke bi. Kana iya ɗaukar samfur ɗaya ka zame muryarsa sama da ƙasa a Piano roll, zai wuce a bayan kiɗa, amma da ka fito da shi gaba an gane.

Hanyar ita ce ka kira makaɗi, kuma a garuruwanmu wannan ya fi biyan kuɗin wata-wata da dala sauƙi. Makirfo ɗaya ya isa, a ɗan nesa da fatar kamar taƙi biyu, a ɗakin da ƙarar janareta ba ta shiga. Naɗa a 24-bit, ka bar sarari kada bugu mai ƙarfi ya fashe. Makaɗan gargajiya da yawa ba sa jin daɗin ƙyas-ƙyas ɗin na'urar ƙirga a kunne, kuma ba laifinsu ba ne. Ba shi kik da kacau-kacau da muryar mawaƙi, zai zauna daram. In an gama waƙar, roƙe shi ƙarin minti goma: gaɓa takwas-takwas a gudu biyu ko uku, sannan bugu ɗai-ɗai, a sake, a matse, da mai hawa da mai sauka. Haka za ka yi da mai kotso, da mata masu ƙwarya in ka same su. A hankali ka tara rumbun da babu shi a Splice.

Amma ku yi magana a fili kafin ya kwance kalangunsa. Kuɗin buga waƙa ɗaya daban, kuɗin bugun da za ka yanka ka riƙa sakawa a waƙoƙi ashirin daban. Ka ce masa, "Baba, wannan na biyun ajiyewa zan yi ina aiki da shi, nawa za a ƙara?" Ku rubuta a takarda ko da layi uku ne, da shaida, kuma sunansa ya fito a bayanin kowace waƙar da bugunsa ya shiga.